Abin da ke kashe matuƙan ƙananan jiragen shaƙatawa: bin tafiyar daga gida har zuwa sauka

A shekarar 2017 ƙananan jirage biyu samfurin Icon A5 suka yi mummunar faɗuwa a Amurka, tsakaninsu wata shida. Na farko ya faɗi ranar 8 ga Mayu a tafkin Berryessa na jihar Kalifoniya. Wanda ke tuƙi shi ne Jon Karkow, injiniya kuma matuƙin gwaji na kamfanin da ya ƙera jirgin, wato mutumin da ya san shi ciki da bai. Yana tafiya ƙasa-ƙasa bisa ruwa, sai ya shiga wani kwazazzabo da ya ɗauka mai ɓullewa ne, ashe tsaunuka sun rufe ƙarshensa. Ya yi ƙoƙarin juyowa, wurin bai ishe shi ba, shi da abokin aikinsa suka rasu. Na biyu ya faɗi ranar 7 ga Nuwamba a gaɓar tekun Fulorida, ya kashe Roy Halladay, tsohon shahararren ɗan wasan ƙwallon baseball na Amurka mai shekara 40. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bincika duka biyun, ba ta sami wata matsala a inji ko a jikin jirgin da ta jawo faɗuwar ba.

Da wannan nake son a fara, domin mafi yawan mutane in sun ji ƙaramin jirgi ya faɗi, abin da suke fara tambaya shi ne ko injin ne ya mutu. Inji yana mutuwa, za mu zo kansa. Amma abin da ya fi cin rayuka shi ne jirgi ya kuɓuce wa matuƙi a kusa da ƙasa, inda babu sauran tazarar da zai gyara kuskure. Hukumar NTSB ta sa wannan matsala cikin jerin manyan abubuwan da take son a magance a shekarar 2015.

Jiragen da muke magana a kansu rukuni ne da hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta kafa a 2004: kujera ba ta wuce biyu, inji ɗaya, nauyi da komai da komai bai wuce kilo 600 ba, ko 650 ga mai sauka a ruwa. Gudunsa a miƙe bai wuce kilomita 222 a awa ba, kuma mafi ƙarancin gudun da fiffikensa zai iya riƙe shi a sama bai haura kilomita 83 ba. Ana iya samun lasisin tuƙa shi bayan awa 20 na horo. A Yulin 2025 hukumar ta fitar da sabuwar doka mai suna MOSAIC wadda ta faɗaɗa waɗannan iyakoki, amma dubban jiragen da ke tashi yau an ƙera su ne a kan tsohon ma'auni, kuma halinsu bai sauya ba. Bari mu bi tafiyar yadda take zuwa.

Mataki na 1: Ka fara da duba kanka

A Amurka mai wannan lasisi yana iya tashi da lasisin tuƙin mota a madadin takardar likitan jiragen sama. Sauƙi ne, amma ma'anarsa kai ne likitan kanka kowace safiya. Binciken gawar Halladay ya nuna magunguna da dama masu taɓa ƙwaƙwalwa a jininsa, kuma NTSB ta ce su suka gurɓata masa tunani har ya yanke shawarar yin wasa da jirgi dab da ruwa. Kada ka ce kai ba ka shan irin waɗannan. Maganin mura da na ƙaiƙayi mai sa barci, wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, yana cikin waɗanda aka fi samu a jinin matuƙan da suka mutu. Shawarar FAA ita ce ka jira ninki biyar na tazarar shan maganin: in ana shan sa duk awa 6, ka jira awa 30. Giya kuwa doka ta ce awa 8 a ƙalla.

Sai tambaya ta biyu, wadda tsofaffin matuƙa ba sa son ji: yaushe rabonka da tuƙa wannan samfurin? Doka ta ce kafin ka ɗauki fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Wannan mafi ƙaranci ne. Wanda ya saba da jirgi mai nauyi, in ya shiga ɗan kilo 600, hannunsa yakan yi masa yawa, don sandar tuƙin tana amsawa da ɗan taɓi kaɗan. Kuma jirgi marar nauyi, da ka sassauta totur gudunsa yake zubewa nan take, iska kuma tana wasa da shi kamar ganye. Sabo turken wawa. Awa dubu a wani jirgi ba ta maye gurbin awa biyar da malamin da ya san wannan.

Mataki na 2: Lissafi kafin a taɓa makulli

Ɗauki takarda. A ce jirginka babu kowa a ciki yana da kilo 370. Saura 230. Kai da abokinka kowa kilo 90, an tafi da 180. Saura 50, wato wajen lita 70 na fetur, domin kowace lita tana da nauyin kusan kilo 0.72, kuma ba a saka ko jaka ɗaya ba. In ka cika tanki ka kuma jefa kaya a baya, ka wuce iyaka, kuma wataƙila nauyin ya karkata baya. Jirgin da nauyinsa ya koma baya hancinsa yakan so ɗagawa, kuma in fiffike ya saki iska, wato ya daina ɗaukar jirgin, dawo da shi yana wuya.

Zafi ma lissafi ne. Iska mai zafi sakayau take, inji ba ya samun ƙarfinsa, farfela ba ta kamawa sosai, fiffike yana buƙatar ƙarin gudu a ƙasa. Matuƙa suna ƙiyasta ƙarin ƙafa 120 na tsawo ga kowane digiri ɗaya da zafi ya haura na ma'auni, wato zafin da aka ɗauka shi ne daidai a tsawon wurin. Filin jirgin Kano yana wajen ƙafa 1,560 sama da teku, inda ma'aunin yake kusan digiri 12. A ranar bazara mai digiri 40, bambancin 28 ne, ka ninka da 120, ka sami ƙafa 3,360. Jirgin zai yi aiki kamar yana tashi daga filin da ke ƙafa 4,900. Titin da ya ishe ka da sanyin safiya ba lalle ya ishe ka da azahar ba, kuma bishiyar da ke ƙarshensa tana nan inda take.

Ka duba iska, musamman mai bugowa ta gefe da mai zuwa da fizga, ka gwada da abin da littafin jirgin ya ce da kuma abin da kai ka taɓa iyawa. In lissafin bai fita ba, a nan ne maganar magabata take da amfani ƙwarai: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 3: Zagaya jirgin da takarda a hannu

Fetur da farko. Buɗe murfin tanki ka auna da sanda, kada ka yarda da allura kaɗai. Tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba ka duba ruwa da datti, domin ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwantawa. Yawancin waɗannan jirage suna ɗauke da injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, mai shan fetur ɗin mota. Fetur ɗin mota yana saurin zama tururi cikin tiyo in ya ji zafi, sai man ya yanke, wanda aka gauraya da sinadarin etanol kuma yana jan ruwa in ya daɗe a ajiye. Shi wannan inji, kafin ka auna baƙin mai sai ka juya farfela da hannu, makulli a kashe, har ka ji ƙarar gurgurar iska daga tankin man, sannan awon ya zama gaskiya. Kamfanin ya ce a sauya tiyo da sauran kayan roba duk shekara 5 ko da ba su nuna alamar lalacewa ba. Da yawa sukan ɗage wannan don tsada, sai bango ya tsage.

Ka san inda makunnin sauya tanki yake, ka tabbata hannunka yana kai masa kana ɗaure da bel. Mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a gaɓar Monterey a Oktoban 1997 cikin wani jirgi ƙirar hannu da bai daɗe da saya ba. Ba na wannan rukuni ba ne, amma darasin ɗaya ne. Ya tashi da ɗan mai, makunnin kuma an sa shi a bayan kafaɗarsa ta hagu, kuma binciken ya nuna garin juyawa ya kai masa hannu ne jirgin ya kuɓuce masa.

Sai jikin jirgin. Taɓa kowane ƙarfe mai motsi a fiffike da wutsiya, ka ji ko akwai lako-lako, ka duba kusoshi da wayoyin da ke jan su. Wannan ba al'ada ce kawai ba. A Afrilun 2009 NTSB ta roƙi FAA cikin gaggawa ta hana samfurin Zodiac CH 601 XL tashi, bayan haɗurra shida da suka ci rai goma inda jirgin ya karye a sama. Abin da ake zargi shi ne karkarwar fiffike, wadda takan fara ta ƙaru cikin daƙiƙoƙi har ƙarfe ya yage. A Nuwamban shekarar FAA ta ba da sanarwar kada a tashi da shi sai an yi masa gyaran ƙarfafawa. Saboda haka in za ka sayi jirgi na hannu, ka nemi littafin tarihin gyaransa, ka gwada shi da duk sanarwar tsaro da kamfanin ya fitar, ɗaya bayan ɗaya, tare da bakaniken da ya san samfurin.

Abu na ƙarshe kafin ka hau titi: sakatar murfin gilashi. Da dama daga cikin jiragen nan murfinsu yana buɗewa sama. In ya ɓalle ana cikin tashi, ƙara da iska sukan firgita matuƙi, ya saki tuƙi ya kama kokawa da murfi. Mutane sun mutu a haka, alhali a yawancin samfura jirgin yana iya ci gaba da tashi. Tura murfin da hannu ka ji ya kama. In duk da haka ya buɗe, ka bar shi, ka riƙe gudunka, ka zagayo ka sauka.

Mataki na 4: Tashi, da abin da za ka yi in inji ya ɗauke

Kafin ka tura totur, ka faɗa da bakinka abin da za ka yi in injin ya mutu: a kan titi, zan taka birki; ƙasa da tsawo kaza, zan sauka gabana; sama da tsawo kaza ne kawai zan yi tunanin juyowa. Wannan tsawo ba a zatonsa, ana gano shi ne da malami, can sama inda akwai tazara.

Dalili shi ne, a lokacin hawa hancin jirgi yana sama, gudu kaɗan ne. In inji ya yi shiru, ɗan adam yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya yarda abin ya faru, jirgi marar nauyi kuwa a cikin waɗannan daƙiƙoƙi gudunsa ya riga ya zube. Aikin farko tura sanda gaba, da gaske, har hanci ya dubi ƙasa. Zuciya za ta ce maka ka koma filin da ka baro. Amma komawa ba rabin da'ira ba ce kawai, sai ka juya fiye da haka sannan ka sake karkatowa ka daidaita da titi, ga iska yanzu tana bayanka. Matuƙa suna kiran wannan kwanar da ba ta yiwuwa, kuma sunan ya samo asali ne daga yawan waɗanda suka gwada ba su kai ba. Ka zaɓi wuri mafi sarari a gabanka, ɗan dama ko ɗan hagu, gona ce ko fili ko ma ƙananan bishiyoyi. Jirgin da ya taɓa ƙasa a miƙe da gudun kilomita 80 yakan lalace mutane su fita. Wanda ya faɗo da hanci ba ya barin kowa.

Mataki na 5: A sama

Ka nisanci ƙasa. Babu abin da ake samu a shawagi bisa rufin gidan abokai ko bisa ruwa sai wayar lantarki da ba a gani, da tsaunin da ya fi jirgi saurin hawa. Ruwa mai kwance kamar madubi ma yaudara ne, ido ba ya iya auna nisansa.

Ka nisanci gajimare da hazo. Kafin dokar MOSAIC lasisin nan na rana ne kawai, kuma ba a tashi da shi sai ana iya hangen mil 3, wajen kilomita 5. In ido ya rasa inda sama ta haɗu da ƙasa, kunnen ciki yakan yi wa mutum ƙarya, ya ji yana miƙe alhali yana karkace yana gangarawa. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'urori kaɗai, aka rufe musu gani. Dukkansu jirgi ya kuɓuce musu, matsakaicin lokacin daƙiƙa 178. Duk wanda ya san hazon hunturu a ƙasar Hausa ya san yadda yake haɗiye sararin sama a hankali ba tare da an ga bakinsa ba. Da ka ga gaba ta fara dushewa, juya ka koma inda ka fito tun kana gani.

Ƙanƙara a kafireta abu ne da mutanen ƙasa mai zafi suke raina wa. Iska in ta matsu ta wuce maƙogwaron kafireta fetur yana tururi, sanyinta yakan sauka sosai, danshi ya daskare ya toshe hanya. Ya fi faruwa ƙasa da digiri 21 in akwai danshi mai yawa, amma yana yiwuwa har a digiri 38. Alamarsa inji ya rage juyi ya fara gargada, musamman in an sassauta totur. In jirginka yana da makunnin ɗumama kafireta, ja shi gaba ɗaya, ka yi haƙuri da tarin da injin zai yi yayin da ƙanƙarar ke narkewa.

Mai kuwa da agogo ake bin sa. Doka ta ce da rana kada ka tashi sai da man da zai kai ka inda za ka, ya kuma rage na minti 30. Ni a ganina awa ɗaya ya kamata mutum ya ɗaure wa kansa. Kuma ka manna ɗan na'urar gano hayaƙin salansa a gabanka, domin hitar jirgi daga jikin salansa take ɗebo zafi, in ta tsage gubar da ba ta da wari za ta shigo ta sa ka barci.

Mataki na 6: Kwanar ƙarshe kafin sauka

A nan nake son ka tsaya sosai, don a nan ake yawan rasa mutane masu lafiya cikin jirage masu lafiya, rana tsaka, titi yana gabansu.

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin bayansa sumul. In kusurwar da yake tarar iska ta wuce wajen digiri 16 zuwa 18, iskar takan rabu da shi, ɗaukar ta zube. Wannan shi matuƙa ke kira sitol. Abin da ɗalibai da yawa ba sa riƙewa shi ne, kusurwa ce ke jawo shi, kuma jan sanda baya ne ke ƙara kusurwar. Mafi ƙarancin gudun da aka rubuta a littafi na jirgin da ke tafiya a miƙe ne. In ka karkata digiri 45 kana riƙe tsawonka, wancan kilomita 83 ya koma kusan 99. In ka kai digiri 60, nauyin da fiffike ke ji ya ninka biyu, adadin ya koma wajen 117. Mutum yana kallon allura yana ganin yana da rara, ashe rarar ta ƙare.

Ga yadda abin yake faruwa. Kana gangarowa, saura kwana ɗaya ka fuskanci titi. Iska tana turo ka ta baya, sai ka ga ka zarce layin titin. An koya maka kada ka karkata da yawa kusa da ƙasa, don haka maimakon ka ƙara karkata sai ƙafarka ta danna fedar juya hanci ta ɓangaren da kake kwana don ta jawo shi. Fiffiken waje ya ƙara gudu ya ɗaga, jirgi ya ƙara karkata, sai ka tura sanda ɗaya gefen don ka hana shi. Hanci ya sunkuya, ka ja baya. Yanzu jirgin yana zamiya, ƙafa tana ce dama, hannu yana ce hagu, kusurwa tana ƙaruwa. Fiffiken ciki, wanda ke ƙasa, shi zai fara sakin iska. Jirgin ya kife ta wannan gefe ya shiga juyi kamar katantanwa. Fita daga wannan juyi yana cin ɗaruruwan ƙafa ko ga gwani, kai kuwa kana ƙafa 300 ko 400.

Maganinsa a jere yake. Tun kana gefen titi ka lura da inda iska ke tura ka, in za ta turo ka ta baya a kwanar ƙarshe ka fara juyawa da wuri. Kada karkatarka ta wuce digiri 30 a zagayen fili. Ɗan ƙwallon nan da ke cikin bututun gilashi a gabanka ya zauna a tsakiya, in ya gudu gefe ka taka fedar wannan gefen. Ka riƙe gudun da littafi ya ce, ka ƙara kaɗan in iska tana fizga. In ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka ko ka ji sanda ta yi laushi jiki yana rawa, sassauta jan, wato tura gaba, kafin komai. In kuma ka zarce layin, tura totur, daidaita fiffike, ka hau ka sake zagayowa. Minti biyar ne da ɗan fetur, kuma babu malamin kirki da zai ga laifinka.

Tun 2014 FAA ta sauƙaƙa ƙa'idar saka na'urar da ke nuna kusurwar fiffike kai tsaye, kuma in da hali ka saka. Amma jirgin Halladay yana da ita. Abin da ya fi na'ura shi ne ka ɗauki malami ku hau can sama, ku yi sitol a miƙe da kuma a kwana, sau da yawa, har hannunka ya koyi turawa gaba a lokacin da tsoro ke ce masa ya ja. Fasinja kuma ka gaya masa tun a ƙasa cewa daga shiga zagayen fili babu hira sai an tsaya.

Mataki na 7: Laima

Da yawa daga cikin jiragen nan suna da laimar da roka ke harbawa ta sauko da jirgin gaba ɗaya. Tana da ƙusar tsaro da ake cirewa kafin tashi, ka sa cire ta cikin takardar dubawarka, ka nuna wa fasinja hannun da ake ja da irin ƙarfin da yake buƙata, don wata rana kai ne za ka suma. Laima tana buƙatar tsawo da 'yan daƙiƙoƙi kafin ta buɗe, kuma tana da iyakar gudu, duka suna cikin littafin jirginka. Ka yanke tun kana gida yanayin da za ka ja ta ba tare da shawara ba: fiffike ya karye, karo da wani jirgi, shiga gajimare ka rasa sama da ƙasa, juyin katantanwa, ko mutuwar inji bisa wurin da babu masauka. Roka da laimar suna da ranar ƙarewar aiki a rubuce, ka duba ta yau, in ta wuce ka kira bakanike kafin tashi na gaba.